Manhajar da muke zubawa kyauta, da cinikin abokinka

Habu, abu biyu ka tambaye ni a haɗe: me ya sa duk kwamfutar da za ta fita daga shagon nan sai mun cika ta da manhajoji ba mu karɓi ko dala ba, kuma ko wannan ne ya hana abokinka sayar da manhajar lissafin kanti da ya rubuta.

Ta farkon mai sauƙi ce. Mai saye zai tsaya bakin tebur ya ce: "Maigida, ka sa mini Word da abin kallon fim da maganin bairas." Idan ka ce da kuɗi, sai ya nufi Babbar Kasuwa, wani ya soka masa kile, wato ɗan ma'ajin USB, ya zuba masa duka kafin shayi ya huce. To, mu ma sai mu zuba.

Ta biyun kuwa rigima ce da ta girme ka. Tun 1981 kamfanin Osborne a Amurka ya fito da kwamfuta ta dalar Amurka 1,795, ya haɗa ta da WordStar ta rubutu da SuperCalc ta lissafi, manhajojin da kuɗinsu ya kusa kamo na injin ɗin kansa. Amma wadda ta fi zafi ita ce ta Netscape. A lokacin su ne ke riƙe da kasuwar manhajar shiga intanet, kuma kamfanoni na biyan su kuɗi. A 1995 Microsoft ya fito da nasa abin shiga intanet, Internet Explorer, daga baya ya ɗinke shi cikin Windows, duk wanda ya sayi kwamfuta sai ya tarar da shi a kan allo. A watan Janairun 1998 dole ta sa Netscape ya daina karɓar kuɗi, kafin shekarar ta ƙare aka sanar kamfanin AOL zai saye shi. Gwamnatin Amurka ta kai Microsoft kotu a 1998, alƙali ya ce a raba kamfanin gida biyu a 2000, kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar a 2001. Kafin a gama shari'a Netscape ya riga ya tashi daga kasuwa. Turai ma ta ci tarar Microsoft yuro miliyan 497 a 2004, har da batun ɗinke abin kallon fim, Windows Media Player, cikin Windows, ta tilasta a fito da Windows marar shi. Kusan ba wanda ya saya, tunda kuɗinsu ɗaya da mai shi.

Ka lura da abin da ya kayar da Netscape. Farkon fitowar Explorer bai kai shi kyau ba, sai dai yana nan a ajiye, kuma yana biyan buƙata. Mai tsire da ke ba da yaji kyauta, ko yajinsa bai kai na matar da ke talla a gefensa daɗi ba, ya gama kashe mata ciniki.

Kuma kada ka haɗa kyautar nan a buhu ɗaya. Akwai wadda mai ƙera injin ya sa, kamar maganin bairas na gwaji da ke tsalle a allon sabuwar kwamfuta bayan wata ɗaya yana neman katin banki; wannan talla ce, biyan mai ƙera injin aka yi ya sa ta, shi ya sa nake ce maka ka cire. Akwai wadda masu ita suka saki da yardarsu, irin su VLC da LibreOffice da Firefox (shi wannan daga tokar Netscape ya fito, a 2004). Sannan akwai fasasshiya, ta sata. Ita ce ta fi cutar abokinka, don ita ta koya wa mutanenmu cewa ƙarfe ake saye, abin da ke ciki kuwa gyara ne. A nan hannunmu na ciki, mu masu shaguna.

Amma ban yarda cewa cinikinsa ya mutu ba. Excel, abin lissafin Microsoft, bai san SYSCOHADA, tsarin lissafin kamfanoni da ake bi a nan, da kansa ba, bai san littafin bashin da ɗan kasuwar Wadata ke rubutawa da biro ba, kuma ba zai hau babur ya zo ba idan wuta ta ɗauke lissafin yini ya ɓace. Abokinka ya daina cewa yana sayar da manhaja. Ya ce zai girka, ya koya wa yaron kanti, ya riƙa adana bayanai kowane mako, a biya shi wata-wata. Ɗan kasuwar da ba zai ba da jaka hamsin lokaci guda ba yakan ba da jaka biyar duk wata ga wanda ke amsa waya.

Ka ce masa ya zo ranar Asabar bayan La'asar da manhajar a kile. In ta yi, za mu riƙa nuna ta ga masu kanti da ke sayen kwamfuta a nan, da kuɗinta a rubuce daban a kan rasit.