Wa ke da gidan rediyon WSM na Nashville?

Tambaya: Malam, ni mai son waƙoƙin kantiri ne, na karkarar Amurka, kuma ina kama tashar WSM ta intanet. Wani ya zo mana da maganar cewa tashar ta gwamnatin jihar Tennessee ce, za a sayar wa 'yan kasuwa, shi kuma yana tara kuɗin masu son hannun jari. Ƙanena har ya tura kafin alƙalami. Hankalina bai kwanta ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki?

Amsa: Ka fara da hana ƙanenka ƙara ko kwabo. WSM ba ta taɓa zama ta gwamnati ba, ko na wuni ɗaya.

Kamfanin inshora ne ya kafa ta, National Life and Accident, ranar 5 ga Oktoba 1925, a hawa na biyar na ofishinsa da ke Nashville. Haruffan ma daga kirarin kamfanin aka ciro su, "We Shield Millions", wato mu ne garkuwar miliyoyi. Talla ce ta haife ta: wakilin inshora ya ƙwanƙwasa ƙofar manomi, ya ce daga kamfanin da ke da WSM yake, sai a ba shi kujera. Ranar 28 ga Nuwamba na shekarar George D. Hay, mai gabatar da shirye-shirye a tashar, ya zaunar da wani dattijo mai goge, Uncle Jimmy Thompson, gaban makirfo, mafarin shirin waƙoƙin kantiri da a 1927 aka raɗa wa suna Grand Ole Opry. A 1932 aka kai ƙarfin tashar wat 50,000, shi ya sa da dare ake jin ta a jihohi masu nisa.

Wani kamfanin inshora, American General, ya haɗiye National Life a 1982. Shi kuwa kiɗa bai dame shi ba, a 1983 ya sayar da WSM da Opry ga iyalan Gaylord na Oklahoma. Kamfanin nasu ne ya sauya suna a 2012 ya zama Ryman Hospitality Properties, kuma a 2022 kamfanonin Atairos da NBCUniversal suka sayi kashi 30 cikin ɗari na sashen nishaɗinsa, inda WSM take. A kula, WSM-FM, mai irin sunan a zangon FM, daban ce, tun 2003 aka sayar da ita ga kamfanin rediyo na Cumulus.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tunanin da ya sa wannan yaudara ta karɓu, don kullum sai na gamu da shi. Mun taso da Rediyon Kaduna, sai muka ɗauka duk tashar da ta tsufa kuma ake jin ta da nisa, ta hukuma ce. A wurinmu haka abin ya kasance, domin sai a 1992 doka ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi a Najeriya. A Amurka 'yan kasuwa ne suka fara, tun daga tashar KDKA ta kamfanin Westinghouse a 1920. FCC, hukumar sadarwa ta gwamnatin tarayyar Amurka, lasisi kawai take bayarwa, ana sabunta shi duk shekara 8. To me gwamnatin Tennessee za ta sayar, alhali ba ta da ko kujera ɗaya a gidan?

Ko masu ita na gaskiya ba sa iya sayarwa a ɓoye. Sai FCC ta amince kafin lasisi ya sauya hannu, takardun kuma a buɗe suke, kowa na iya dubawa. Doka ma ta sa wa 'yan ƙasashen waje iyaka: mallakar abin da ya haura kashi 25 cikin ɗari na uwar kamfanin da ke da tashar sai da izini na musamman. Amma wai mutum yana zaune da wayarsa yana raba tashar da ta shekara ɗari kamar tsire, ana tura masa kuɗi a asusunsa na kansa, ba wanda ya ce ya nuna takarda! Na ga malamai da ma'aikatan banki sun faɗa irin wannan rami, don kawai an haɗa musu da hoton doguwar eriya da tambarin tasha.

Mai son hannun jari da gaske, Ryman na kasuwar hannun jari ta New York da alamar RHP, ana saye ta hannun dillali mai rajista. Ya dai sani yawancin abin da zai saya otal-otal ne, rediyon ɗan ƙaramin yanki ne a ciki.

Ƙanenka ya adana rasit ɗin tura kuɗin da duk saƙonnin da suka yi, ya je bankinsa gobe da safe ya shigar da ƙorafi, daga nan ya kai wa EFCC.