Amsa: Mata da shugabancin tashoshin kebul a Amurka

'Yar'uwa, kin tambaya ko mata a harkar talabijin ta kebul (wadda ake kai wa gidaje ta waya) a Amurka suna kaiwa kujerar shugabanci, ko kuwa gaban kyamara kawai ake barin su. Suna kaiwa, kuma ba yau aka fara ba.

Kay Koplovitz ce ta kafa tashar da ta zama USA Network a 1977, ta rike ragamarta har 1998. A lokacin manyan gidajen talabijin irin su CBS da NBC sun raina kebul, suna ganin ba kudi a ciki, shi ya sa kofar ta fi saukin shiga ga mata. Geraldine Laybourne malamar makaranta ce kafin ta shiga Nickelodeon a 1980, ita ta daga tashar yaran nan har ta zama gagara-badau, daga baya ta kafa tashar Oxygen domin mata. Debra Lee kuwa ta fara a matsayin lauyar BET, tashar bakaken fatar Amurka, a 1986, sai a 2005 ta zama babbar shugabar kamfanin. Shekara goma sha tara fa, ki lura.

A nawa ganin, inda gizo ke sakar shi ne bangaren injiniyoyi da masu ja waya da kula da na'urori, har yanzu maza sun cika wurin. Mafi yawan matan da suka hau sama ta shirya shirye-shirye, talla ko shari'a suka bi. Kungiyar WICT ta matan da ke aiki a harkar kebul, wadda aka kafa a 1979, tana horar da mata kan shugabanci, tana kuma auna kamfanoni kan albashi da karin girma.