Tambaya da Amsa: Baƙon da Ba Komai Yake Ci Ba

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan watan sun zo ne a kan karɓar baƙon da likita, ko addini, ko yanayin jikinsa ya hana shi wani abinci. Mun zaɓi guda biyar.

Tambaya: Surukina zai sauka a gidanmu kwana uku. Yana da ciwon suga da hawan jini. Ina jin nauyin tambayarsa, kuma ina tsoron in ba shi abin da zai tayar masa da ciwo. Me zan dafa? (Wata uwargida, Zariya)

Amsa: Uwargida, ba ke za ki tambaye shi ba. Ki sa maigida ya tambaya, ko ki kira surukarki tun kafin su taso, ki ji abu uku: ƙarfe nawa yake shan magani, ƙwaya yake sha ko allurar insulin yake yi, kuma me likitansa ya hana shi. Amsar tambaya ta farko ita ce mafi muhimmanci, domin wanda ya yi allura ko ya sha ƙwayar rage suga sannan aka bar shi yana jiran abinci, sugansa na iya faɗuwa. Yawancin masu gida suna ta fargabar abin da za su zuba a tukunya, alhali jinkirin girkin ne ya fi saurin kai baƙo asibiti. Idan ya saba karyawa da ƙarfe bakwai, to ƙarfe bakwai ɗin abinci ya kasance a gabansa, ko da na sauran gida bai sauka ba.

Alamar faɗuwar suga ita ce rawar jiki, zufa mai sanyi, jiri, yunwa mai tsanani, ko ya riƙa magana a rikice. Idan kin ga haka kuma yana iya haɗiya, ki dama suga ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a rabin kofin ruwa ya sha, a jira minti 15, sannan ya ci abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a wuce asibiti.

Batun abinci kuwa, ki raba faranti a ranki: rabi ganye da miya, kwata nama ko kifi ko wake, kwata tuwo. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunsa ta isa, miya ce za ta yi yawa, kuka ko kuɓewa ko zogale ko alayyafo. Tuwon dawa, na gero da na acca sun fi tuwon shinkafa da sakwara dacewa da shi, amma ki kula da wani kuskure da ya bazu a gidaje: ana ɗaukar tuwon alkama kamar magani, a cika wa mai suga malmala uku. Alkama ma hatsi ce, yawanta na ɗaga suga kamar sauran. Da safe, alala ko ƙosai da dafaffen ƙwai da shayi ba suga sun fi burodi da kunun zaƙi. Idan yana son fura, nono ya rinjayi furar, kuma kada a sa suga. Zuma da dabino ma zaƙi ne a jikinsa, kada ki musanya suga da su ki ce kin tsira. Lemon kwalba mai santilita 35 yana ɗauke da suga kimanin ƙaramin cokali tara, kuma su maltina ba su fi shi sauƙi ba. Ki ajiye masa ruwa, ko zoɓon da aka dafa da citta da kanumfari ba a sa zaƙi ba.

Saboda hawan jinin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin miya da burodi. Kusan rabin kowane ɗunƙulen magi gishiri ne, kanwa ma 'yar gidansu ce, don haka ɗanwake da miyar da aka tsananta wa kanwa a rage su. Daddawa, albasa mai yawa, tafarnuwa, citta da busasshen kifin da aka wanke da ruwan zafi za su ba miya ɗanɗanon da take bukata. Shawararmu ita ce ki yi tukunya ɗaya mai ƙarancin gishiri ga kowa, mai so ya ƙara a kwanonsa. Dattijo ba ya jin daɗin a ajiye masa kwano daban a gaban 'ya'yansa ana cewa "wannan na Baba ne, na marasa lafiya". Idan ya ga abin da yake ci kowa ke ci, zai sake jiki.

Tambaya: Ina da gyambon ciki. Duk gidan da na je sai a kawo min abinci mai yaji da mai, ni kuma ba na iya cewa a'a. Ina ci, in dawo gida in kwana ina murƙususu. Ƙin cin abincin mutane ba raini ba ne? (Wani malamin makaranta, Katsina)

Amsa: Malam, ba raini ba ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. An kuma taɓa ajiye naman damo a gabansa ya janye hannu, ya ce ba haramun ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, ransa bai karɓe shi ba, Khalid bin Walid kuma ya ci yana kallo. Ladabin ke nan: ka bar abincin ba tare da ka aibanta shi ba.

Ka faɗa tun lokacin da aka gayyace ka, ba sai an sauke tukunya ba. "Ina fama da ciki, likita ya hana ni yaji, a ɗebar min nawa kafin a sa attaruhu" magana ce da kowace uwargida za ta yi farin cikin ji da wuri. Idan ziyarar ba-zata ce, ka yi bismilla, ka sha ruwa, ka ci abin da ba ya damunka, kamar farar shinkafa ko tuwo da miya kaɗan, ka yaba, ka yi wa masu gida addu'a. In aka matsa da "ƙara mana", ka ce "alhamdulillahi, na ƙoshi, cikin ne ba ya son a cika shi". Kada ka tsaya lissafa wa mutane tarihin ciwonka suna tsakiyar cin abinci.

Sannan ka koma asibiti. Yaji yana tayar da zafin gyambo, amma yawancin gyambon ciki ƙwayar cutar H. pylori ce ke kawo shi, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, kuma ƙwayar cutar tana da gwaji da magani.

Tambaya: Ɗana mai shekara shida, da ya ci gyaɗa sai leɓensa su kumbura, jikinsa ya yi borin jini. Za mu je biki gidan kakanninsa, su kuma suna cewa tsirfa ce irin ta 'yan birni. Yaya zan yi? (Wata mahaifiya, Kaduna)

Amsa: 'Yar'uwa, a nan babu zancen kara. Mai suga zai iya cin kaɗan, amma wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, ɗan ɓurɓushi ma ya ishe shi, kuma dafawa ko soyawa ba sa kashe abin da ke cutar da shi. Kumburin leɓe a yau ba ya nufin a nan zai tsaya gobe, yana iya kaiwa maƙogwaro.

Matsalar ita ce gyaɗa tana ɓuya a abincinmu fiye da yadda ake zato. Tana cikin tsire da balangun da aka barbaɗa wa yaji, domin yajin masu nama da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi. Tana cikin labun kilishi, da bandashen gurasa, da kwaɗon zogale da na rama, da miyar taushe, da kunun gyaɗa, da fate da dambu a gidaje da yawa. Sai man ƙuli da ake suyar waina, ƙosai da awara da shi, wanda ba a tace shi a masana'anta ba. Ko abincin da babu gyaɗa a cikinsa yana iya gurɓata idan da ludayi ɗaya aka kwashe miya biyu, ko aka daka yaji a turmin da aka daka ƙuli, ko aka kai markaɗe injin da ya gama markaɗa gyaɗa. A gidan biki kuwa, inda mata goma ke kan tukwane, babu wadda za ta iya rantse miki a kan abin da ya shiga ko bai shiga ba.

Don haka ki tafi da abincinsa a kula, da kwanonsa da cokalinsa, kada ya ci a tire ɗaya da sauran yara. Ki koya masa ya ce "sai na tambayi Mama" ga duk wanda ya miƙa masa abu, har alawa da biskit. Kakanni kuma, mahaifinsa ne ya kamata ya yi musu bayani, a keɓe, tun kafin ranar. Idan kuna da hoton fuskarsa lokacin da ta kumbura, ya nuna musu, ya fi dogon bayani shiga zuciya. Ki ce wa kakarsa ta dafa masa wani abu da hannunta, kamar shinkafa da wake da manja, ki tsaya tare da ita a madafi. Ta haka ta ciyar da jikanta, ke kuma hankalinki ya kwanta.

Kafin tafiya ki ga likitan yara ya rubuta muku abin da za ku riƙe. Idan kin ga muryarsa ta shaƙe, numfashi na fita da ƙara, harshe ya kumbura, ko ya yi laƙwas, allurar adrenaline yake bukata nan take. Piriton yana rage ƙaiƙayi ne kawai, ba ya buɗe maƙogwaro. Ki san asibiti mafi kusa da gidan bikin tun ranar da kuka sauka.

Tambaya: Abokin aikina ɗan Indiya ne, ya ce ba ya cin nama. Ina so in gayyace shi gida. In an tsame naman daga miya ya wadatar? (Wani ma'aikacin kamfani, Sharaɗa, Kano)

Amsa: Bai wadatar ba, Malam. A wurinsa miyar da aka dafa nama a cikinta miyar nama ce, haka romo, busasshen kifi, garin kirefish da magi mai ɗanɗanon kaza. Ka tambaye shi dalla-dalla: ƙwai fa? Albasa da tafarnuwa fa? Mabiya Hindu da yawa ba sa cin ƙwai, naman sa kuwa ya fi komai nauyi a wurinsu, mabiya addinin Jain kuma ba sa cin albasa, tafarnuwa da dankali. Nono da man shanu galibi ba su da matsala, da su ma suke girki a ƙasarsu.

Uwargidanka ba za ta sha wahala ba. Waina ko sinasir da miyar taushe da aka yi da kabewa, alayyafo, gyaɗa da daddawa kawai, ko shinkafa da wake, ko dambun zogale, sai fura da nono a ƙarshe. Waina da sinasir za su yi masa kama da abincin shinkafar da ake tsimawa a kudancin Indiya. A wanke tanda da tukunya sosai, a yi amfani da sabon mai. In za ku ci nama ku da sauran baƙi, a sa shi a kwano daban da cokalinsa, nesa da gabansa.

Tambaya: Idan ba a gida za a karɓi irin waɗannan baƙi ba, ina ya dace a kai su a Kano? (Wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari)

Amsa: Alhaji, ba ma ambatar sunan gidan abinci a wannan fili don kada ya zama talla, amma ga inda za ka dosa. Unguwannin Bompai da Nasarawa su ne matattarar gidajen abincin Labanan, Indiya da Sin. Ga wanda ba ya cin nama, gidan abincin Indiya ya fi sauƙi, domin jerin abincinsu ya ware na ganye da na nama. Ga mai suga, na Labanan ya fi: gasasshen kifi ko kaza, salak, da hummus, wanda wake ne da riɗi, sai a rage burodin da ke zuwa da shi. Abincin Sin yana da miyar soya mai gishiri sosai, don haka mai hawan jini ya nemi a rage ta, mai matsalar gyaɗa kuma ya nisance shi, domin gyaɗa da man gyaɗa suna yawan shiga girkinsu. Musulmi ya tambaya ko ana sa giya ko naman alade a girkin.

Idan abincin gargajiya baƙon yake so, gidajen tuwo da ke kan titin gidan Zoo da kewayensa za su yi, kuma a can mai suga na iya neman malmala ɗaya da ƙarin miya. Sai dai miyarsu an riga an dafa ta a babbar tukunya, ba za a iya rage mata gishiri ko yaji don mutum ɗaya ba. Wurin da ake girki bayan ka yi oda shi ne ke iya sauya maka wani abu. Teburin mai tsire, kilishi da gurasa kuwa, in akwai mai matsalar gyaɗa a cikinku, ku wuce shi gaba ɗaya.

Ka je wurin ko ka buga waya kwana ɗaya kafin ranar, ka nemi magana da mai dafa abincin da kansa, domin yaron da ke kawo faranti zai ce maka "babu" don ya faranta maka rai, ba don ya sani ba. Ka yi tambaya mai amsa ɗaya: da wane mai kuke suya, kuna sa ƙuli a yajinku, da romon nama aka dafa wannan shinkafar? Ka guji wuraren da ake jera abinci kowa na ɗiba, saboda cokula na yawo daga wannan mazubi zuwa wancan. Ku isa kafin ƙarfe ɗaya na rana ko bayan uku, lokacin da madafi bai cika da oda ba, kuma in da mai allurar insulin a cikinku, kada ya yi allurar sai abinci ya iso teburi.