Kafin ka canja sensar oksijin, a gano abin da take ƙorafi a kai

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce wutar cek inji ta kama, motar ta soma zuƙar mai, an jona na'ura ta nuna P0171, bakanike kuma ya ce ko a wanke sensar oksijin da fetur ko a sayi sabuwa. Shawarata ka dakata da duka biyun tukuna.

Ita wannan sensa a jikin salansa take, tana shinshinar hayaƙi tana sanar da kwamfutar mota ko iska ce ta yi yawa ko mai, kwamfutar kuma ta daidaita su a wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur. P0171 ba ta ce sensa ta mutu ba, cewa ta yi iska ta rinjayi mai, kuma galibi gaskiya sensar ta faɗa. A motocin da suka bi ta hannuna da wannan lamba, abin da na fi samu shi ne tiyon iska da ya tsage ta ƙasa, ba ka ganin tsagar sai ka lanƙwasa shi da hannu. Sai nozul da ta toshe, famfon mai da ya yi sanyi, ko hujin salansa kafin a iso wurin sensar. In ɗaya daga cikin waɗannan ne, ko sabuwa dal ka ɗaura wutar za ta dawo.

A gwada ta mana. A bar inji ya ɗau zafi, don ba ta karatu sai ta kai wajen digiri 300, sannan a kalli lambobinta a na'ura. Lafiyayyiya za ka ga tana hawa da sauka da sauri tsakanin volt 0.1 da 0.9. In ta yi nawa, ko ta ƙame a wajen 0.45, to ta gaji. Amma motoci da yawa na baya-bayan nan, musamman Toyota da Honda, sensarsu ta gaba wani iri ce da ba ta wannan lilon, kada a yanke mata hukunci da wannan awo. In da P0135 ko P0141 ce ta fito, wannan maganar hitar da ke cikinta ce, can ma fis da waya ake fara dubawa.

Wanki kuwa ba na goyon bayansa ko kaɗan. Abin da ke karatun yana can ciki, fetur bawon waje kawai yake wankewa. Gara in an kwance ta ka dubi bakinta da kyau. Baƙin toka mai laushi, mai ne ya yi yawa. Fari kamar alli, sau da yawa gam ɗin silikon ne da aka shafa wa inji, ko ruwan lagireto da ke shiga ta gasket. In da maiƙo, injin na ƙona baƙin mai. Duk abin da ya kashe tsohuwa zai kashe sabuwa.

In ta tabbata sai an canja, a tantance wacce: Sensa 1 kafin katalis (tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa) take, ita ke juya mai, Sensa 2 tana bayansa, tana sa masa ido. A injin V6 kuma Banki 1 shi ne ɓangaren da silinda ta ɗaya take. Ka nemi Denso, NTK ko Bosch mai lambar motarka da fulogin da zai shiga kai tsaye, ban da wadda sai an yanke waya an haɗa. A kwance da soket mai tsaga na milimita 22, salansa da ɗan ɗumi, bayan an fesa man kwance tsatsa an cire fulogin. Sabuwar a fara murza ta da hannu don kada zaren ya ci, kuma kada maiƙo ya taɓa bakinta.

Kada dai ka yi ta yawo da wutar a kunne, katalis ne zai ji jiki, shi kuwa ya fi sensa tsada nesa ba kusa ba. Ka koma a duba maka lambar LTFT, wato yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa, a sulo, a sake dubawa a gudun inji juyi 2,500 a minti. In ta haura kashi 10 a sulo amma ta sauka da aka taka totur, iska ce ke satar shiga. Turo mana lambobin da samfurin motar mu gani.