Kawu, ga amsarka kan maganar kejin kare

Kawu barka da war haka, ya mutanen gida. Na ga saƙonka kana tambaya wai da gaske ne yaranmu na nan Ingila har wankin kejin kare suke yi, kuma me ya kai Bahaushe wannan aiki. Eh da gaske ne, amma ba yadda ake kawo muku labarin ba.

Mu dai Hausawan nan da wuya ka shiga gidan wani ka tarar da kare a falo. Sai dai da yawanmu aikin kula da tsofaffi suke yi gida gida, kuma tsohon Bature in matarsa ta rasu 'ya'ya sun watse to karen nan shi ne abokin hirarsa, yana da kejinsa na ƙarfe har da 'yar katifa a ciki, tsoho kuma ba ya iya sunkuyawa, wa zai wanke in ba mai kula da shi ba? Ga dokar dabbobi ta 2006 da ta ɗora wa mai kare alhakin wurin kwanansa, in ƙazanta ta yi yawa maƙwabci ma sai ya kira RSPCA, ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta nan.

Kuma wankin ba na jiƙa-jiƙa ba ne fa. Za ka sa safar roba, ka fitar da karen, ka zaro tiren da ke ƙasan kejin, katifar a jefa injin wanki da ruwan zafi. A kwashe kashi da gashi tukuna sannan sabulu da buroshi, musamman inda wayoyin ƙarfen suka haɗu, nan busasshen yawu da guntun abinci suke maƙalewa har su yi baƙi. Sai an ɗauraye tas ake zuba bilic, irin Hypo ko Jik ɗin nan naku, ludayi 1 a ruwa ludayi 32, a bar shi minti 10 cur, a sake ɗaurayewa a bari ya bushe kafin kare ya koma. Kada a kuskura a zuba bilic kan fitsari kai tsaye, tururin da yake tashi yana kama ƙirji sosai. Izal da Dettol kuma ba a sa su, suna cutar da dabba in ta lasa.

Na san abin da ya fi damunka sallarsu ce. Kawu kai ka karantar da mu cewa a Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau 7 in ya sa baki bin umarni ne, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne. A kan haka muke. Kayan aiki daban na salla daban, ana dawowa a cire a wanke. Maƙwabtanmu 'yan Somaliya Shafi'awa ne, su ko yawun ya taɓa su sai sun wanke sau 7 ɗaya da ƙasa, kuma sahu ɗaya muke a masallaci ba mai ganin laifin wani.

Don Allah ka faɗa wa 'yan farautan unguwa maganar bilic ɗin nan. Cutar fabo mai sa 'yan kwikwiyo amai da zawon jini tana yin watanni a wurin kwanansu, sabulu kaɗai ba ya kashe ta, shi ya sa za ka ga an kawo sabon kwikwiyo an ɗaure a wurin shi ma ya bi. Su haɗa da rigakafi wurin likitan dabbobi.