Amsa: Yadda ake saka Stripe a NestJS sau ɗaya tak

Ɗan'uwa, ka ce a kowane fayil da ke karɓar kuɗi sai ka rubuta new Stripe don haɗawa da Stripe, dandalin karɓar kuɗi ta intanet, kuma gwajin lambobinka ya gagare ka. Ai dole ya gagara. Bar wa NestJS, tsarin da kake gina sabarka a kai, aikin, ya ƙera Stripe ɗin sau ɗaya ya riƙa miƙa wa duk mai buƙata.

Ƙirƙiri sabon module mai suna StripeModule. A cikin providers, jerin abubuwan da module ɗin ke samarwa, ka raɗa wa Stripe ɗin suna, misali STRIPE_CLIENT, ka haɗa da useFactory, aikin da zai ƙera shi, mai karɓar ConfigService mai karanta saituna, ya ɗauko mabuɗin sirri na Stripe daga fayil ɗin .env, ya dawo da new Stripe. Kar ka manta saka sunan a exports don sauran modules su gan shi, nan da yawa ke tuntuɓe. Duk inda kake son sa, @Inject da wannan sunan ya wadatar. Lokacin gwaji kuwa overrideProvider zai ba ka damar saka Stripe na bogi, ko intanet ba ka buƙata.

Inda zai ba ka ciwon kai shi ne webhook, wato saƙon da Stripe ke turo wa sabarka in wani abu ya faru. constructEvent na Stripe yana tantance sa hannu da ɗanyen saƙon ne, in aka riga aka mayar da shi JSON sai ya ƙi. Saka rawBody: true a NestFactory.create.

Af, kuɗin da santi (cent) ake tura wa Stripe: dala 10 ita ce 1000. In naira za ka karɓa, Paystack, wanda Stripe ya saya a 2020, da kwabo yake lissafi, kuma shi ma haka za ka saka shi a NestJS.