Wa ke jan zaren idan bakteriya za ta rabu biyu?

Ka ce a gilashin saiwar albasa ka ga zaruruwa suna jan kuromosom, rabi nan rabi can, amma kwana uku kenan kana leƙen E. coli ba ka ga ko ɗaya ba, ko hannunka ne bai iya rini ba? Hannunka lafiya lau, yarona. Abin da kake nema ne babu shi. Jawo kujera.

E. coli tsawonta wajen maikuromita 2 ne. DNA ɗinta zobe ne guda mai harufa kusan miliyan 4.6, in ka miƙar da shi ya kai milimita ɗaya da rabi. Igiya ce ta ninka ɗakinta sama da sau 700, a kwafe ta, sannan a ba kowace 'ya tata ba tare da an tsinka ba. Yawancin rabon tun ana cikin kwafa ake yinsa. Ƙwayar kwalara tana da ParA da ParB masu jan mafarin zoben zuwa ƙurya. E. coli ba ta da su, MukBEF ke naɗe mata. Wannan mu bar shi sai wani zama, ni abin da ya fi burge ni a bakin ƙofa yake.

Lokacin da tsakiyar ƙwayar ta fara tsukewa kamar an ja zariyar wando, sau da yawa wutsiyar DNA tana nan kwance a mashigar. In bango ya rufe a kanta, ya datse ta. A nan FtsK yake zaune, kafe a jikin bangon. Furotin shida ne suka yi da'ira da rami a tsakiya, zaren ya ratsa ramin, su kuma suna ƙona ATP, makamashin ƙwayar, suna tura shi. Ka san haƙoran keken ɗinki da ke ƙarƙashin allura? Suna nan inda suke, yadi ne ke tafiya. To haka. Da aka gwada shi a kan zare ɗaya tal, an same shi yana jan harufa wajen 5,000 a daƙiƙa, kusan tsawon ƙwayar kanta kenan kowace daƙiƙa.

Na ga bakinka yana motsi. Ya aka yi ya san wajen da zai ja, ko? A jikin igiyar aka rubuta. Akwai wasu harufa takwas, GGGNAGGG, N ɗin kowane harafi ne, ana ce musu KOPS. Suna warwatse a ɓangarorin zoben biyu, akasarinsu sun fuskanci wuri guda, kamar kwanciyar gashin akuya. Injin a kansu yake hawa, inda suka fuskanta nan yake nufa. Wurin sunansa dif, harufa 28 ne kacal, can ɗaya gefen zoben, yana fuskantar mafarin kwafa.

Ga dalilin zuwa can. Wani lokaci garin gyaran ɓarna zobban biyu sukan haɗe su zama ƙaton zobe ɗaya, a E. coli kusan sau 15 cikin 100. Riga ɗaya ba ta shiga mutum biyu. FtsK zai yi ta ja har dif biyun su zo bakin ƙofa, ya tayar da furotin XerD ya yanka, ɗan'uwansa XerC ya ƙarasa, zobe ya koma biyu. In kuwa sarƙewa suka yi kamar sarƙar wuya, wani furotin, Topo IV, ke zare su.

Bacillus subtilis, wadda ke ruɓar mana da kalwa ta zama daddawa, tana da ɗan'uwan wannan inji, SpoIIIE, kuma shi ne ma ya fi shan wahala. In abinci ya ƙare za ta yi ƙwan da ke jure zafi, sai ta gina bango can gefe tun DNA bai gama shiga ba, kusan kashi 30 cikin 100 kaɗai ke ciki. Sauran duka SpoIIIE ke ɗura shi ta ɗan rami cikin minti 20 ko ƙasa da haka, yana kankare furotin da suka maƙale wa zaren. Ling Juan Wu da Jeff Errington suka nuna aikinsa a Oxford a 1994.

Kada ka ce wannan karatun Turai ne bai shafi tebur ɗinmu ba. Maganin Sifro (ciprofloxacin) da mutane ke saya a kemis kafin su zo asibiti, Topo IV da ɗan'uwansa gyrase yake kamawa. DNA ya karye, ƙwayar ta hana zariyar nan tsukewa, amma ba ta daina girma ba, sai ta yi ta tsawo. Shekarun baya wani yaro da na koyar ya ga irin waɗannan dogayen zaruruwa a fitsarin wata mara lafiya ya rubuta fangas, saura ƙiris a canza mata magani. In ka ci karo da su, duba kaurinsu tukuna, na bakteriya siriri ne kuma ba ya reshe. Yi rinin Gram, sannan ka aika a tambayi abin da ta sha. Ɗauko gilashin jiya na gado na shida in nuna maka.